Masu Gurasar Layin Fitila

Shafi na 27

Da sunan Allah mai rahama.

Masu cika mini waya da "Anti shiru muke ji", ku yi mini afuwa, biki muka sha a gidanmu, ban samu kaina ba sai yau. Ke kuma da kika ce Hajiya Bintu ta cika tsiwa, ina gaishe ki da kyau. Gyara zama.

* * *

Hajiya Bintu ba ta taɓa taka soron Mai Unguwa ana taron maza ba, yau ɗin ma da farko ba ta taka ba. A tsakar gida ta zauna, daf da labulen da ya raba soro da cikin gida, matan layi sun kewaye ta a kan tabarmi, kowacce ta ja hijabi ta baza kunne. An idar da la'asar kenan. Da wadda ta bar kwaɓi yana tashi a gida, da wadda ta bar wake a jiƙe, duk sun zo, don maganar yau ta wuce a tura wani ya jiyo.

Maganar dai ita ce wadda ta hana unguwa sakat. Kansila Abdulbaƙi ya ci alwashin sai ya tashi kasuwar dare ta Layin Fitila, tun daga bakin titin Ƙofar Nassarawa har kwanar masallaci: masu tsire, masu shayi, masu gurasa bandashe, gidan kallon ƙwallo, kowa da kowa. In kuwa layin nan ya mutu, tanderun Bintu ya mutu, don duk gurasar da take gasawa da rana a layin ake cinye ta da dare. Da wannan tanderun take riƙe da marayunta tun da Malam Kyari ya rasu, ba ta da wata gona bayan shi.

Daga cikin soro muryar Kansila ke tashi, muryar nan tasa mai daɗi da yake ci wa mutum mutunci da ita yana murmushi.

"Allah ya taimaki Mai Unguwa, ni fa tarbiyya nake karewa. Layin nan ya zama matattara. Yaranmu ba sa kwana gida. Ko ƙarya nake, Malam Liman?"

Liman ya yi gyaran murya.

"Gaskiya akwai hayaniya. Ran da ake ƙwallo, ihu har cikin masallaci. Kuma ana shaye-shaye a ƙarshen layi, wannan kowa ya sani."

"To kun ji!"

"Ranka ya daɗe, a ba ni dama." Nata'ala ne, shugaban masu tsire. "Mu nama muke gasawa. Tun ubana yana da rai muke a gindin durumin nan. Wallahi ba mu taɓa..."

"Malam Nata'ala," Kansila ya katse shi, "katin zaɓenka na wace mazaɓa ce?"



"Faɗi mana, ai ba laifi ba ne."

"Na garinmu ne, ranka ya daɗe."

"Kai fa Ɗantani mai shayi?"

"Na garinmu."

"To Allah ya taimake ka, ka ji da kunnenka. Baƙi ne. Su zo su cika mana unguwa da hayaƙi, ran zaɓe su hau mota su tafi ƙauyensu. Ni wa zan saurara, su ko 'yan unguwa?"

Wasu 'yan korensa suka kwashe da dariya.

Bintu ta san Nata'ala, mutum ne da in almuru ta yi sai ya fara aika wa tsofaffin layi da ɗan abin taɓawa kafin ya sayar da tsinke ɗaya. Yau ga shi an mayar da shi abin dariya a gaban yaran da ya girme wa iyayensu.

Lami mai awara ta taɓo ta.

"Hajiya, ki yi shiru don Allah."

Ina! Wanda ya san Bintu ya san an makara.

"Salamu alaikum," ta ɗaga murya ta bayan labule. "Allah ya taimaki Mai Unguwa, 'yan unguwa na neman iso."

Mai Unguwa Malam Ɗahiru tsoho ne mai son a zauna lafiya, amma kuma yana son ya ji daɗin magana in ta zo.

"Wace ce?"

"Bintu ce, ta gidan Malam Kyari."

"Hajiya Bintu. To, daga nan ma muna jin ki. Bismillah."

"Tambaya gare ni ga Kansila. Gurasar da Nata'ala yake yanka wa mutane, daga ƙauyensu yake zuwa da ita?"

"Hajiya, wannan taron maza ne."

"Na sani, shi ya sa ban shigo ba. Awarar da ake soyawa a bakin gidan kallo, wa ya tace ta? Kunun ayar Ɗantani, wa ya markaɗa? Zoɓo fa? Ɗanwake fa? Ka leƙa layi da dare ka ga maza, ka ce baƙi ne. To duk abin da ke kan teburansu daga cikin gidajen nan ya fito, daga hannun matan da ba ka gani. Mu kuma katinmu na nan mazaɓar ne, Kansila. Mu ne muka yi maka layi cikin rana da goyo a bayanmu."

Matan suka ɗauki "Ƙwarai kuwa!" "Faɗa masa, Hajiya!"

"Maganar Malam Liman kuma gaskiya ce," Bintu ta ci gaba. "Ana shaye-shaye a ƙarshen layi. A wane gida? A kangon nan mai jar ƙofa. Su wa ke ciki? Yaran da suke maka rakiya da gora ran kamfen. Ka rufe kango ɗaya ya gagare ka, sai layi guda za ka tasa, don a samu filin gina shaguna."

"Hajiya, ki iya bakinki!"

"Na iya shi, shi ya sa ban faɗi sunan mai shagunan ba."

Wani dattijo ya ƙyalƙyale da dariya ya mayar da ita tari.

Kansila ya miƙe tsaye. Bintu na hango ƙafafunsa ta ƙasan labule, yana kai-kawo a kan darduma, babbar rigarsa na jan ƙasa. Da ya sake magana, murmushin ya tafi.

"Allah ya taimake ka, bari in faɗi gaskiya tunda an kai nan. Macen da ta san darajar kanta ba ta dafa abin da za a ci a layin 'yan iska. Ni ba a bakin wasu na fara ba, a gidanmu na fara. Mahaifiyata gurasa take yi tun kafin a haife ni. Ran da aka rantsar da ni, da hannuna na sa aka fasa tanderunta. Na ce ta huta, ta riƙe carbinta, ni zan ciyar da ita. Kuma ta huta. Ita ta san mutunci. Waɗanda suka ƙi hutawa, su suka san abin da suke nema a layin."

Innalillahi.

Bintu ba ta san lokacin da ta waiwaya ba.

A can jikin randa, a bayan kowa, wata 'yar tsohuwa ce zaune ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Iya Kande, mahaifiyar Kansila.

Duk unguwar nan mutum biyu ne suka san maganar, Bintu da Iya. Tun makon da aka fasa mata tanderu, Iya Kande take fitowa da hantsi ta ce za ta gaida marasa lafiya, sai ta zagaya ta lungu ta faɗa gidan Bintu. Ta tuɓe mayafi, ta ɗaura tsohon zane, ta durƙusa gaban wuta. Ba yunwa ce ta kawo ta ba. Ta gaya wa Bintu da bakinta, zaman da aka ce ta yi ya kusa kashe ta, hannunta har ƙaiƙayi yake in ta ji ƙamshin kwaɓi. Rabin gurasar da ake rububi a teburin Nata'ala, wadda ake cewa ta Hajiya Bintu ta fi ta kowa laushi, hannun Iya ne.

Kuma ta sa Bintu ta yi mata rantsuwa ba za ta faɗa ba.

Maganar ta zo wa Bintu har kan harshe. Kalma ɗaya ce, ta gama da shi a gaban kowa. Ta dubi tsohuwar, tsohuwar ta sunkuyar da kai. Bintu ta ciji leɓe har ta ji ɗanɗanon jini, hawayen takaici suka cika mata ido. Ta haɗiye. Wallahi da ta ci amanar tsohuwar nan gara tanderun ya mutu.

Ta kuma san Iya ba za ta tanka ba. Abdulbaƙi ɗan fari ne, Iya kuwa mutuniyar da ce, mai alkunya ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa, in ta matsu ta ce "mai gidan sama". In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Kakarsa ce ta goya shi, don Iya ko ɗaukarsa ba ta yi a gaban mutane. Shi ma ya san haka sarai, da wannan ya dogara ya jawo ta cikin maganarsa. Ko tana wurin, ya san ba za ta buɗe baki a kansa ba.

"Kun ji shiru ko?" in ji Kansila. "Gaskiya ce ta yi musu nauyi. Allah ya taimake ka, a rufe taro."

Sai aka ji motsi a jikin randa.

Iya Kande ta dafa bango ta miƙe. Mata suka dare mata hanya ba tare da sun san dalili ba. Ta zo ta wuce Bintu, ta tsaya a jikin labule, ta daɗe tana kallonsa. Bintu na jin numfashinta.

"Abdulbaƙi."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Amma matar Mai Unguwa sai da ta saki kofin da ke hannunta. Lami ta dafe ƙirji. A cikin soro kuwa, ƙafafun nan masu kai-kawo suka tsaya cak.

"Wa... wace ce?"

"Abdulbaƙi, ni ce."

Ta sa hannu ta yaye labulen.

Maza suka sunkuyar da kai gaba ɗaya. Mai Unguwa ya yunƙura kamar zai tashi.

"Subhanallahi, Iya, da kanki?"

"Zauna, Malam Ɗahiru. Ba daɗewa zan yi ba."

Kansila ya yi tsuru-tsuru. Ƙato guda mai furfura a gemu, yau ya fara jin sunansa a bakin uwarsa, kuma a gaban duk unguwa. Ya zube a kan darduma.

"Iya..."

"Ɗago ka kalle ni. Yau na yafe kunyar."

Ya ɗago da ƙyar.

Ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu, ta miƙa masa. Duk tabon wuta ne, tsofaffi da sababbi, wani ko warkewa bai yi ba.

"Wannan na yau da safe ne. Carbi ba ya ƙona mutum."

"Iya, a ina..."

"A gidan Bintu. Kullum. Ka fasa nawa, ta ba ni nata, ta kuma rufa mini asiri har yanzu da kake zaginta. Da ta so, da tuni ta tona. 'Yar halak ce, ba ta tona ba."

Bintu ta rushe da kuka, ita da ba ta kuka a gaban mutane.

"Ka ce macen da ta san darajarta ba ta dafa wa layin nan," in ji Iya. "To ni ban san tawa ba kenan. Ka faɗa mini a gaban Liman, me nake nema a layin?"

"Wallahi Iya ban san..."

"Ba ka sani ba, don ba ka tambaya ba. Ka zo da masu gatari, ka ce in huta. Uban Nata'alan nan da ka tsayar kana tambayarsa kati, shi yake karɓar gurasata lokacin da ubanka ya kwanta ciwo. Da ita aka kai ka makaranta. Rigar nan da kake ja a ƙasa, a bakin tanderu aka fara ɗinka ta."



"Ban hana ka siyasarka ba. Ka rufe kangon yaranka. A rage ihun ƙwallo lokacin salla, Liman ya yi gaskiya. Amma in ka tashi Layin Fitila, ka fara da ni, don ni ce babbar 'yar iskar."

"A'uzubillahi! Iya ki daina! Don Allah ki daina!"

Hularsa ta faɗi bai ko kula ba. 'Yan korensa tuni suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na laluben takalminsa.

Mai Unguwa ya share ido da gefen rawani.

"To, Kansila, me ka ce?"

"Na janye." Muryarsa ta dushe. "Allah ya taimake ka, na janye. Layi ya zauna."

Ai kafin ya rufe baki Lami ta rangaɗa guɗa. Wata ta karɓa, wata ta ƙara, tsakar gidan Mai Unguwa ya kaure kamar an kawo amarya. Nata'ala ya durƙusa yana ta "Allah ya saka, Iya, Allah ya saka", hawaye na bin gemunsa. Liman da kansa ya ɗaga hannu yana kabbara. Bintu ta rungume tsohuwar ta baya tana dariya tana kuka, daɗi kamar ya kashe ta.

"Sake ni, ke," in ji Iya, "za ki karya ni, gobe wa zai manna miki gurasa a tanderu?"

Ana cikin haka Ɗantani mai shayi, da ya fita ya kai wa mutanen layi albishir, ya dawo a guje ba ko sallama.

"Allah ya taimake ka! Motar rusau! Ga ta can ta shigo ta Ƙofar Nassarawa, da motar 'yan sintiri a bayanta!"

Guɗa ta tsaya.

Kowa ya juya ya kalli Kansila. Shi kuma ya kalli ƙasa.

"Abdulbaƙi," in ji Mai Unguwa a hankali, "me ke nan?"

"Ciyaman na ƙaramar hukuma ne... mun yi da shi... a tara su a nan, kafin a tashi taro an gama kwashe rumfunan."

"Wato taron ma na bogi ne?"



Bintu ta ji jinin jikinta ya tafasa. Ashe tun farko wasa ake da hankalinsu, a ajiye maza a soro ana ta musu, can kuma ana ragargaza musu tebura. Ta dubi Iya. Iya ta sunkuya ta naɗe tabarmar da ke kusa da ita, ta saƙale a hammata.

"Bintu, gurasar yamma ta huce?"

"Tana cikin kwando, Iya."

"Ɗauko."

Ta soron maza suka bi, duk cikarsu, ba wadda ta tsaya neman iso. Kafin su kai kwanar masallaci labari ya riga su. Ƙofofi suka yi ta buɗewa. Matan da shekara da shekaru ba a ga fuskarsu a layi da rana ba suka fito, wata da bokitin zoɓo, wata da farantin awara, wata da muciya a hannu don ta manta ba ta ajiye ba. Layin Fitila ya cika maƙil da hijabai tun rana ba ta faɗi ba.

A bakin layi, daidai inda motar za ta shigo, Iya Kande ta shimfiɗa tabarmarta a tsakiyar hanya. Ta zauna, ta miƙe ƙafa. Bintu ta ajiye kwandon gurasa a gabanta ta zauna a damanta, Lami a hagu. Sauran suka jeru a baya har gindin durumi.

Motar ta iso tana gurnani, ƙasa na girgiza. Bintu ta ƙi motsawa. Direban ya danna hon, ya sake dannawa. Ya leƙo ta taga, ya ga tsohuwa tana jera gurasa a kan faifai kamar ba da ita ake ba. Ya kashe mota.

Kansila ya iso yana haki, kai ba hula, waya na ta ruri a hannunsa. Ya ɗaga. Muryar Ciyaman har inda Bintu take ana jinta.

"Abdulbaƙi, me nake ji? Ka kwashe matan nan daga hanya yanzu-yanzu!"

"Ranka ya daɗe, mahaifiyata ce a gaba."

"Ko wace ce! Ka zaɓa, ko layin nan ko kujerarka!"

Kansila ya dubi wayar. Ya dubi hannun uwarsa da ke kan faifai. Sannan ya kashe wayar, ya tattare babbar rigarsa, ya zo gaban motar ya zauna a ƙasa daɓas, cikin ƙura, ya ba direba fuska.

Ihun da ya tashi har tantabarun kan masallaci sai da suka watse. Bintu ta miƙe tsaye ta rangaɗa guɗar da ba ta yi irinta ba ko a bikin ƙanwarta.

Iya Kande ko murmushi ba ta yi ba. Ta mayar da kanta gefe, ta kalli bango, kunyarta ta dawo.

"Bintu," ta ce, "gaya wa wancan ya matsa gefe kaɗan, yana tare mini masu saye."

Bintu ta buɗe baki za ta isar da saƙo kenan, wata baƙar mota mai duhun gilashi da lambar ƙaramar hukuma ta ratso ta bayan motar rusau, ta tsaya daf da ƙafar Kansila.

Ƙofar baya ta buɗe.